Tsakuwa a magudanar madaci: amsoshin likita ga masu karatu

Tambayoyin wannan mako sun taru a kan abu ɗaya, wato tsakuwar da ke toshe magudanar madaci. Na haɗa su wuri guda saboda amsar wata tana cikin wata.

Tambaya: Assalamu alaikum Likita, barka da aiki. Mahaifiyata mai shekara 62 ta yi mako uku idanunta sun yi rawaya, fitsarinta ya koma kamar ruwan shayi, ga ƙaiƙayin jiki da ke hana ta barci. Mun yi ta ba ta jiƙon shawara, ba sauƙi. Da aka ɗauki hoton ciki sai aka ce tsakuwa ce mai milimita 18 ta maƙale a bututun madaci, kuma za a cire ta ta baki da wani aiki da ake kira ERCP. Don Allah ta yaya dutse mai wannan girma zai fito ta baki? Daga wani ɗan kasuwa a Zariya.

Amsa: Wa alaikumus salam Malam. Allah ya ba Hajiya lafiya, ya saka maka da alheri kan ɗawainiyar da kake yi da ita. Kafin komai, a dakatar da jiƙon nan. Shawarar da ke jikinta ta toshewar hanya ce, kuma babu abin sha da zai ture dutse daga inda ya maƙale, sai dai ya ƙara wa hanta aiki.

Hanta tana haɗa madaci kusan rabin lita zuwa lita guda a kowace rana. Matsarmama randa ce kawai da ake adana shi kafin a ci abinci. Daga hanta da matsarmama akwai magudana guda da ke sauko da madacin zuwa farkon ƙaramin hanji, kuma faɗinta a lafiyayyen mutum bai cika wuce milimita 6 ba, wato ba ta kai kaurin fensir ba. A bakinta akwai wata 'yar ƙofa da tsoka ta zagaye, tana tsukewa tana sakewa kamar mazagin wando. Yawancin tsakuwa a cikin matsarmama take samuwa, sai wata ta zame ta faɗa magudanar. Idan ta toshe, madaci ya rasa hanyar sauka, sai ya koma cikin jini. Shi ne rawayar ido, da duhun fitsari, da ƙaiƙayin, kuma idan ka lura bayan gidanta ya yi fari-fari.

A ranar aikin za ta bar cin abinci na awa 6 zuwa 8, a yi mata allurar barci, ta kwanta rub da ciki ko ta gefen hagu. Likita zai zura wani dogon bututu mai lanƙwasa, kaurinsa kamar na yatsa, mai kyamara a gefen kansa. Zai bi ta baki, ya wuce tumbi, ya tsaya daidai wannan ƙofar. Ta cikin bututun ake tura siririyar waya cikin magudanar, a zuba wani ruwa da ke fitowa a hoton eksire, sai tsakuwar ta bayyana a allo. Daga nan a ɗan tsaga tsokar ƙofar da waya mai ɗauke da lantarki. Likitocin Japan da na Jamus ne suka fara wannan tsagawa a 1974, kuma ita ta buɗe wannan fanni gaba ɗaya. Sai a tura wani ɗan kwandon waya ya cafke tsakuwar, ko a hura ɗan balan-balan a bayanta a jawo ta ƙasa.

Ga amsar abin da ya ɗaure maka kai: tsakuwar ba ta baki take fitowa ba. Kayan aikin ne ke shiga ta baki. Ita tsakuwar cikin hanji ake sakin ta, ta bi bayan gida ta tafi, sau da yawa mutum ma bai sani ba.

Wannan hanya tana wadatarwa ga mutum 85 zuwa 90 cikin ɗari. Ragowar su ne masu wahala, kuma Hajiya tana cikinsu, don duk tsakuwar da ta wuce milimita 15 babba muke kiranta. Tata ta ɗara ƙwayar gurjiya. Matsalar ita ce ƙofar tana da iyakar da za a iya tsaga ta, idan aka zarce sai a huda hanji ko a yanki jijiyar jini. To, ko dai a ƙara wa ƙofa faɗi ta wata hanya, ko a rage girman dutsen.

Ta farko, wasu likitoci a birnin Izmir na Turkiyya suka bayyana ta a 2003. Bayan an yi 'yar tsagar, sai a saka babban balan-balan mai faɗin milimita 12 zuwa 20 a bakin ƙofar, a hura shi a hankali, a bar shi kamar rabin minti zuwa minti guda. Ƙofar ta buɗe, dutsen ya wuce ba tare da an fasa shi ba. A yau ita ce hanyar da aka fi farawa da ita ga babbar tsakuwa, kuma ni ma ita na fi so a fara gwadawa ga irin ta Hajiya. Tana da ƙa'ida mai tsauri: ba a hura balan-balan ya fi faɗin magudanar kanta, kuma ba a yi idan ƙasan magudanar ya tsuke saboda tabo ko ƙari. Wanda ya yi gaggawa a nan zai yaga wurin.

Ta biyu ita ce murƙushewa. Akwai kwando mai ƙarfin waya da ake cafke dutsen da shi, sannan a turo wani kube na ƙarfe a kansa. Mataimakin likita yana murɗa hannun na'urar daga waje, wayoyin suna matse dutsen a jikin kuben har ya farfashe, sai a kwashe gutsattsarin ɗaya bayan ɗaya. Tun farkon shekarun 1980 ake amfani da ita, kuma tana aiki a wajen mutum 8 zuwa 9 cikin 10. Inda take gazawa shi ne idan dutsen ya cika magudanar dam, babu ratar da kwando zai buɗe ya kewaye shi, ko kuma ya haura santimita 3.

Abu biyu nake so ka riƙe kafin ranar aikin. A gwada daskarewar jininta, don wanda madacinsa ya daɗe a toshe jikinsa ba ya samun bitamin K yadda ya kamata, kuma ana gyara wannan da allura kafin a tsaga komai. Na biyu, idan zazzaɓi da rawar ɗari suka zo mata tare da ciwo a ƙarƙashin haƙarƙarin dama, kada ku jira ranar da aka ba ku, kada kuma ku ɗauka maleriya ce. Alama ce ƙwayoyin cuta sun shiga madacin da ya tsaya. Ko tsakar dare ne a kai ta asibiti. Idan ta fara ruɗewa ko awon jininta ya faɗi ƙasa, lamarin ya kai maƙura.

Tambaya: Likita ina wuni. An yi mini ERCP wata biyu da suka wuce, amma likitan ya ce dutsen ya ƙi fita, sai ya saka mini wata 'yar roba ya ce in dawo bayan wata uku. Yanzu na warware sarai, idona ya washe. Gaskiya ina jin kamar na yi asarar kuɗi, kuma ina tunanin in bar zancen komawa tunda ba abin da ke damuna. Daga wani malamin makaranta a Maraɗi.

Amsa: Malam, ba ka yi asara ba, amma za ka yi babbar asara idan ka ƙi komawa.

Likitanka ya yi abin da ya dace. A wannan ciwo, abin da ke kashe mutum shi ne madacin da ya tsaya cik ya ruɓe. Saboda haka buɗe masa hanya shi ne aikin farko, fitar da dutse na biye. Idan likita ya ɗauki lokaci yana fama dutse bai motsa ba, gara ya saka ɗan bututun roba da muke kira sitent, ya ratsa ta gefen dutsen, madaci ya riƙa sauka, a tashi daga aikin. Dagewa sai an gama a zama ɗaya na iya jawo kumburi ko huda. Washewar idonka aikin wannan robar ne. Tana da wani amfani kuma: da motsin numfashi da na hanji, tana goga dutsen dare da rana, shi ya sa idan aka koma bayan wata biyu ko uku akan tarar ya ragu ko ya tsattsage, abin da ya gagara jiya ya zo da sauƙi.

Amma ramin robar ƙarami ne, milimita 2 zuwa 3. A hankali dattin madaci da ƙwayoyin cuta suna liƙe shi, kuma daga wata 3 zuwa 6 yawanci ya toshe. Ranar da ya toshe, zazzaɓi da shawara za su dawo, sau da yawa fiye da na farko. Wannan abu yana ci mini tuwo a ƙwarya, don na ga waɗanda suka manta da robar har shekara biyu, suka dawo a galabaice, sabuwar tsakuwa ta taru a jikinta. Ka rubuta ranar da aka saka maka a wayarka, ka gaya wa mai ɗakinka ita ma ta riƙe.

Idan an koma dutsen ya sake gagara, ba a rasa dabara ba. Akwai wata siririyar kyamara, kaurinta bai wuce milimita 4 ba, da ake turawa ta cikin babban bututun ta shiga magudanar madacin kanta, likita ya ga dutsen ido da ido. Wadda aka fi sani ita ce SpyGlass, ta fito a 2007, aka fitar da mai hoto tangaram a 2015. Da ita ake saita wata 'yar waya a jikin dutsen a harba masa hasken leza, ko tartsatsin lantarki a cikin ruwa wanda girgizarsa ke farfasa shi. Dole a yi shi ana gani, don idan harbin ya kauce bangon magudanar zai samu. Tana share magudana a wajen mutum 9 cikin 10 na waɗanda sauran hanyoyi suka gaza a kansu, wani lokaci a zama biyu. Tsadarta ita ce matsala, saboda kyamarar sau ɗaya ake amfani da ita a yar, kuma asibitocin da ke da ita a Afirka ta Yamma ƙalilan ne. Wasu cibiyoyin kuma suna farfasa dutsen daga wajen jiki da igiyar girgiza, irin na'urar da ake yi wa tsakuwar ƙoda, sannan a shiga a kwashe.

Idan duk wannan bai samu ba, tiyata tana nan, kuma ba koma-baya ba ce.

Tambaya: Likita, an cire mini matsarmama shekara huɗu da suka wuce. Yanzu ciwon ya dawo, an ce wai tsakuwa ce. Ina ta samu wurin zama bayan an cire jakar? Ko ba a cire ba ne aka ce an cire? Daga wata uwargida a Kumasi.

Amsa: Hajiya, an cire. Randar aka ɗauke, magudanar tana nan, kuma dole ta zauna don ba a rayuwa ba tare da ita ba. Wani lokaci tsakuwa ta riga ta faɗa ciki kafin aikin ba a gan ta ba, irin wannan takan bayyana cikin shekara biyu na farko. Wadda ta zo bayan haka, kamar taki, galibi a cikin magudanar ta haɗu, saboda ta yi faɗi madaci yana kwanciya a ciki. Irinta ruwan ƙasa ce, mai taushi kamar busasshiyar laka, kuma tana saurin murƙushewa. ERCP ya fi dacewa da ke, don babu dalilin sake buɗe cikinki.

Tambaya: Na ga ana yaɗawa a WhatsApp cewa idan mutum ya sha rabin kofin man zaitun da ruwan lemun tsami da dare, da safe zai kasayar da duwatsun duka. Har da hotuna, korra-korra. Shin in gwada wa yayana kafin mu kashe kuɗin asibiti? Daga wani matashi a Gombe.

Amsa: Kada ka gwada, ɗan'uwana. Waɗancan ƙwallayen da ka gani a hoto an taɓa kai irinsu ɗakin gwaji, aka tarar man ne da ruwan lemun suka haɗu da ruwan narkar da abinci suka dunƙule, kamar yadda ake haɗa sabulu. A cikin hanji suka samu a daren, ba daga matsarmama suka fito ba. Tsakuwar matsarmama ta gaskiya tauri gare ta, waɗancan kuwa idan ka bar su a rana narkewa suke yi.

Kuma abin ba a banza yake wucewa ba. Mai da yawa yana sa matsarmama ta matse da ƙarfi, tana iya tura tsakuwar da ke zaune lafiya ta faɗa magudana ta toshe. Ga wanda tasa ta riga ta toshe, kowace rana da aka ɓata tana ƙara kusantar da shi ga ruɓewar madaci. Akwai maganin asibiti da ke narkar da tsakuwa, amma ƙanana kawai masu kitse da ke cikin matsarmama, yana ɗaukar watanni, kuma ba a dogara da shi ga babban dutse da ya maƙale a hanya.

Tambaya: Likita, 'yata mai shekara 19 tana da sikila. Idanunta dama kullum da ɗan rawaya. An ce tana da tsakuwa a matsarmama. Yaya zan gane ranar da ta toshe hanya? Daga wata uwa a Kano.

Amsa: Sannu da ƙoƙari Hajiya, Allah ya ƙara mata lafiya. Tambayarki tana da muhimmanci a ƙasarmu, don Najeriya ce ta fi kowace ƙasa a duniya yawan masu sikila. Ƙwayoyin jininsu suna mutuwa da wuri, cikin kwana 10 zuwa 20 maimakon kusan kwana 120, sai launin da ke fita daga matattun ƙwayoyin ya yi yawa a madaci ya daskare ya zama baƙar tsakuwa. Shi ya sa suke samun ta tun suna yara.

Ke kin fi kowa sanin kalar idonta ta yau da kullum. Abin da za ki sa wa ido shi ne canji: rawayar ta ƙara duhu har ta doshi kore, fitsari ya yi duhu sosai, bayan gida ya yi fari, ƙaiƙayi ya zo. Rawayar sikila ita kaɗai ba ta sa bayan gida fari, ba ta kuma kawo ƙaiƙayi. Ciwon ma daban yake da na ƙashi da ta saba, a saman ciki ta dama yake, yakan harba zuwa baya ko kafaɗa, sau da yawa bayan cin abu mai maiƙo. Idan kin ga haka ki gaya wa likita a fili cewa wannan ba irin ciwon da ta saba ba ne, a yi gwajin hanta da hoton ciki. Hoton ciki na yau da kullum yakan kasa ganin tsakuwar da ke ƙasan magudana saboda iskar hanji, to idan ana shakka akwai hoton MRCP da ke nuna hanyar gaba ɗaya ba tare da an zura komai ba.

Ana yi wa masu sikila ERCP lafiya lau, amma da shiri: ƙarin ruwa, iskar oksijin, kariya daga sanyi, wani lokaci da ƙarin jini kafin aiki. Likitan jininta ya kasance cikin maganar tun farko. Kuma idan tsakuwar ta taɓa toshe hanya sau ɗaya, a cire matsarmamar bayan an share magudana, in son samu ne cikin mako biyu. Barin ta tamkar barin masana'antar tsakuwa ce a buɗe.

Tambaya: Mahaifinmu yana da shekara 78, yana shan maganin tsinka jini saboda ciwon zuciya. An ba mu zaɓi tsakanin ERCP a wani gari mai nisa da tiyata a nan kusa. Mene ne haɗarin kowanne? Daga wasu 'yan'uwa a Garwa.

Amsa: Allah ya ba Baba lafiya. Zan faɗa muku haɗarin ERCP ba ɓoye-ɓoye. Mafi yawansa kumburin fankiriyas ne, wata gaɓa da ke bayan tumbi wadda bututunta ke fita ta ƙofa ɗaya da na madaci. Yana samun mutum 3 zuwa 10 cikin ɗari, yawanci mai sauƙi ne da ke lafawa cikin 'yan kwanaki, amma jefi-jefi yana tsanani har ya kai ga rasa rai. Ana rage shi da maganin dikilofenak ko indometasin miligiram 100 da ake sakawa ta dubura daf da fara aiki, sai dai ba a ba mai ciwon ƙoda ko gyambon ciki. Abin mamaki, 'yan mata da matasan mata sun fi tsofaffi fuskantar wannan kumburi. Zubar jini yana samun mutum 1 zuwa 2 cikin ɗari, hudar hanji kuma ƙasa da mutum 1 cikin ɗari.

Ga Baba, zubar jinin ne abin lura. Kada ku dakatar masa da maganin da kanku, musamman idan an taɓa saka masa ƙarfe a jijiyar zuciya. Likitan zuciyarsa ne zai faɗi ranar tsayarwa da ranar komawa, don wasu magungunan kwana 5 zuwa 7 ake bari, wasu kwana biyu, asfirin kuma galibi ba a tsayar da shi. Idan lamarin ya zama na gaggawa, ana iya saka sitent ba tare da an tsaga ƙofa ba, a dawo wa dutsen daga baya.

A tiyata kuwa ana buɗe magudanar a kwashe tsakuwar, a cire matsarmama a lokaci guda, wani lokaci a bar wani bututu yana fitar da madaci ta gefen ciki na makonni. Aiki ne da likitocin fiɗa suka daɗe da ƙwarewa a kansa, yana gama magana a zama ɗaya, kuma ga mai ƙarfi a jika zaɓi ne mai kyau. Amma yana buƙatar cikakken barci da doguwar jinya, kuma zuciyar mai shekara 78 ba ta son wannan. Idan Baba ba ya zazzaɓi kuma zai jure tafiya, ni ERCP zan zaɓa masa. Kafin ku kama hanya ku kira asibitin ku faɗa musu girman dutsen a milimita, ku tambaya ko suna da babban balan-balan da kwandon murƙushewa, kada ku isa a ce sai an yi oda. Ku kuma gaya musu idan an taɓa yi masa aiki a tumbi, don hakan yana canza hanyar da bututun zai bi. Idan kuwa zazzaɓi ya riga ya kama shi, kada ku ɗauke shi tafiyar awa goma. A fara masa maganin ƙwayoyin cuta da ƙarin ruwa a asibitin da ke kusa, likitocin can su yi magana da na nesa su yanke inda za a buɗe hanyar.

Bayan aikin ku kwana a garin aƙalla dare ɗaya. Ciwon ciki mai ƙaruwa, amai, zazzaɓi ko baƙin bayan gida, kowanne daga cikinsu dalili ne na komawa asibiti nan take. Zubar jini yakan iya jinkirta har mako biyu, saboda haka ko kun dawo gida ku ci gaba da duba kalar bayan gidansa.